Yadda Ake Ɗinka Sa'ar Lahadi a Cocin da Kowa da Aƙidarsa

Limamin Juma'a idan ya hau mumbari, ya san abin da ya haɗa shi da mutanen da ke zaune a gabansa. Alƙibla ɗaya, Littafi ɗaya, raka'a biyu, kuma ba shi ya ƙago ko ɗaya daga ciki ba. Fasto ma haka: Littafi Mai Tsarki na gabansa, kalandar ikilisiya ta riga ta gaya masa lokacin Kirsimeti da na Ista. Dukansu biyu gida ginanne suka gada. To, akwai wani mai hidimar ibada da kullum fili ake miƙa masa, a ce ya tayar da ɗaki kafin Lahadi. Shi ne mai shirya sujada a cocin da ake kira Yunitariyan Yunibasalis a Amurka, kuma aikin hannunsa nake so mu tsaya mu kalla.

Sunan ya yi tsawo ne domin coci biyu suka haɗe a 1961. 'Yan Yunitariyan asalinsu Kiristoci ne da suka ƙi aƙidar Triniti, suka ce Allah ɗaya ne. Tsohuwar cibiyarsu tana Turansilbaniya, cikin ƙasar Romaniya ta yau, inda a 1568 majalisar da ta zauna a garin Torda, zamanin sarki John Sigismund, ta bar wa kowace ikilisiya ta riƙe mai wa'azin da hankalinta ya kwanta da shi. A lokacin yankin yana ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya. 'Yan Yunibasalis kuwa cewa suka yi rahamar Allah za ta game kowa daga ƙarshe, ba wanda zai dawwama a wuta. Da tafiya ta yi tafiya a Amurka, ƙofa ta yi ta faɗi har aka daina tambayar mai shigowa abin da ya yi imani da shi. Yau, a ikilisiyoyinsu kimanin dubu, benci ɗaya yakan ɗauki Kirista da Bayahude da mai bin tafarkin Buddha da wanda ya ce shi sam bai yarda akwai Allah ba. Abin da suka riƙe a gurbin aƙida shi ne alkawari: yadda za su zauna da juna, da abin da za su yi wa sauran mutane.

Mai karatu na iya yamutsa fuska, ban kuma ce ya saki ba. Ni ma ba tafarkina ba ne, kuma akwai abubuwan da suke yi, irin su ɗaura aure tsakanin jinsi ɗaya, waɗanda mafi yawanmu ba za su amince da su ba. Amma mutum yakan tsaya a rumfar masaƙi ya sha kallo ko da ba zai sa rigar ba. Wanda ya ji an ce wuri ba aƙida ɗaya, sai ya zaci sauƙi ne: kowa ya tashi ya faɗi abin da ya ga dama, a watse. Inda aka yi hakan, wata shida ya isa benci ya koma wayam.

Aikin ba ranar Asabar yake farawa ba. Shekarar ikilisiyarsu daga Satumba take tashi, saboda haka tun watanni kafin nan limamiya takan zauna da 'yan kwamitin sujada. Zan riƙa cewa "ita" domin mata sun haura rabin limamansu, kuma tun 1863 'yan Yunibasalis suka naɗa Olympia Brown. 'Yan kwamitin ba limamai ba ne, wata ma'aikaciyar jinya ce, wani akanta ne da ya yi ritaya. A manna babbar takarda a bango, a ja layukan watanni. Ikilisiyoyi da yawa kowane wata kalma ɗaya suke ba shi, ita ce jigo: maraba, yafiya, mutuwa, adalci, godiya. Sai a kafa turakun da ba sa motsi. Farkon Satumba na bikin ruwa ne. Tsakiyar Janairu ta tunawa da Martin Luther King ce. Wajen Mayu ko Yuni a yi bikin furanni. A Disamba kuwa, lokacin da gari ya ɗauki murna, wasu sukan ware wani zama na daban domin waɗanda aka yi wa rasuwa, waɗanda kiɗan Kirsimeti ke fama musu miki.

Abu uku ake so shekara ta ɗauka: abin da ya shafi ruhin mutum, abin da ya shafi zaman jama'a, da abin da ya shafi al'adu. Limamiya takan ja da baya ta ƙare wa takardar kallo kamar mai haɗa magani. Lahadi huɗu a jere kan wariyar launin fata da korar baƙin haure da ɗumamar yanayi, mutane za su fita jiki a sanyaye, wasu ba za su dawo ba. Lahadi huɗu a jere kan natsuwar zuci, wurin ya koma ɗakin hutun masu hali. Sai ta ɗauke wannan ta kai can, ta sa mako mai sanyi bayan mako mai zafi.

Mu ce jigon wata yafiya ne. Kayan aikinta na farko littafin aljihu ne, ko makamancinsa a waya. Duk abin da ta ci karo da shi mai ƙanshin jigon, ciki yake faɗawa: labari a jarida, maganar da wani dattijo ya yi mata a gadon asibiti, gardamar 'ya'yanta a bayan mota. Masu wa'azi a Amurka suna da tsohuwar ƙa'ida, wai kowane minti ɗaya a kan mumbari yana cin sa'a ɗaya a kan tebur. Wa'azinsu yakan kai minti ashirin, sai ka yi lissafi. Ba kowa ke cika wannan mudu ba, amma jama'a suna gane wanda ya fafe gorarsa ranar tafiya, domin da ya buɗe baki za ka ji labaran da kowa ya riga ya gani a Facebook.

Kafin ta zaɓi waƙa ko karatu, sai ta matse duk abin da ta tara ya koma jimla ɗaya. Misali: wanda ya yafe bai ce ba a cuce shi ba. Wannan jimla ita ce zaren da za a ɗinke sa'ar da shi. Duk abin da bai bi zaren ba, komai kyansa, ajiye shi ake yi sai wani jiƙon, kuma nan ne sabon hannu yake kasawa, don ba ya iya rabuwa da kyakkyawan labarin da ya tsinto. Sannan ta ɗauko takardar tsarin sujada, wadda za a raba wa kowa a bakin ƙofa. Tata kwafin daban take, domin a gefen kowane layi akwai lamba da fensir: kiɗan buɗewa minti uku, maraba biyu, kunna wuta ɗaya, waƙa uku, labarin yara biyar, da haka har jimilla ta tsaya a kan sittin. In wani sashe ya ci minti biyu na ƙari, sai an yanko su daga wani wuri, kuma ta san daga inda za ta yanko tun kafin buƙatar ta taso.

Kunna wutar nan ita ce alamar an fara. A gaban ɗaki akwai ƙoƙo mai doguwar ƙafa, na tagulla ko na yumɓu, da kyandir ko 'yar fitilar mai a cikinsa. Alamar ba tsohuwa ba ce. A 1941, a birnin Lisbon, ƙungiyar agajin Yunitariyan tana taimaka wa masu gudun mulkin Nazi, tana kuma buƙatar hatimin da zai sa takardunta su yi kwarjini a idon jami'an kan iyaka. Shugaban ofishin, Charles Joy, ya nemi wani mai zane ɗan Ostiriya, Hans Deutsch, wanda shi ma ɗan gudun hijira ne, ya zana musu ƙoƙo da harshen wuta. Daga hatimi ya zama abin kunnawa. Mai shirya sujada takan zo da wuri ta gyara lagwani, ta gwada ashana, ta duba ko iskar na'urar sanyaya ɗaki na bugun wurin. Ƙaramin abu ne, amma ka ƙaddara yaro ɗan shekara bakwai aka kira ya kunna, ashana uku ta mutu a hannunsa gaban mutum ɗari biyu. Kalmomin da ake faɗa lokacin kunnawa ba sa wuce layi uku ko huɗu, kuma a cikinsu ake jefa jigon ranar karo na farko, a hankali, yadda kunne zai riƙe bai sani ba.

Waƙa kuwa, su da kansu suna yi wa kansu ba'a, wai abin da ya sa ba su iya rera waƙar coci ba shi ne kowa idonsa na kan layi na gaba, yana duba ko ya yarda da abin da aka rubuta. Ba'ar tana da tushe. Babban littafin waƙoƙinsu mai bango ruwan toka, wanda ya fito a 1993, yana ɗauke da waƙoƙi sama da 400 da karatuttuka sama da 300, an kuma ƙara masa ƙarami a 2005. A bayansa akwai jadawalin da baƙo ba ya kula da shi, amma shi ne makamin gwani: jadawalin ma'auni. Kowace waƙa an rubuta mata lambobi, kamar 8.6.8.6, ma'ana layin farko gaɓa takwas, na biyu shida, na uku takwas, na huɗu shida. Duk waƙoƙin da ma'auninsu ya zo ɗaya ana iya musanya musu kari. Idan limamiya ta sami baitocin da suka dace da yafiya amma jama'a ba su san karinsu ba, sai ita da mai fiyano su bi jadawalin su nemo karin da kowa ya haddace, su ɗora. Duk wanda ya taɓa ganin marubucin waƙar Hausa yana ɗora sababbin baitoci a kan tsohon kari ya san wannan dabara. Sauran ƙa'idojin a aikace ake koyonsu: sabuwar waƙa kada ta wuce ɗaya a rana, ta farko ta zama mai tayar da jiki, kada a zaɓi wadda ta hau sama har tsofaffi su yi shiru, ta ƙarshe kuma ta zama wadda mutum zai fita yana gunguninta.

Labarin yara gajere ne. A kira su gaba su zauna a ƙasa, a ba su labari na minti biyar, a raka su da waƙa zuwa azuzuwansu. Sirrin shi ne labarin nan wa'azin ne gaba ɗaya aka ƙanƙance. Sau da yawa manya shi suke tunawa ranar Laraba.

Sai a zo wurin da ya fi ko'ina santsi. Suna kiransa lokacin farin ciki da baƙin ciki. Duk mai wani abu a zuciya ya taso, ya kunna ɗan kyandir ya kafa a faranti mai yashi, ko ya ɗauki tsakuwa ya saka a kwanon ruwa, ya faɗi abin da ya taso da shi: an yi mini jika, an gano ciwon daji a jikin mijina, yau shekarata ɗaya ban sha giya ba. In abin ya tafi daidai, babu sashen da ya kai shi taɓa zuciya. In ya kuɓuce, wani ya riƙe makirufo minti bakwai yana zagin gwamnati, wata ta tona asirin rashin lafiyar maƙwabciyarta ba da izini ba. Dubi yadda gwana take tare wannan. Tun kafin kowa ya motsa takan faɗi sharaɗi da murya mai taushi: sunanka, jimla biyu, abin da ya shafe ka kai da kanka. Makirufo ba ya barin hannunta, miƙa shi take yi wajen bakin mai magana. Tana tsayawa a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, yadda in ya zarce za ta ɗora masa hannu ta ce mun ji, muna tare da kai, ya sauka bai ji kunya ba. Mai fiyano ma ya san alamar, sai ya soma taɓa kiɗa ƙasa-ƙasa. A manyan ikilisiyoyi an fi son a rubuta a littafi a bakin ƙofa, ita ta karanto, kuma a 'yan mintocin da take da su sai ta jera su da lura, kada albishir na haihuwa ya biyo bayan labarin wadda ta yi ɓari. Daga ƙarshe ta kunna kyandir ɗaya domin abin da ke zukata wanda ba a iya furtawa ba. A bencin baya kuma akwai mai biro yana rubuta sunaye. Ɗan kwamitin kula da jama'a ne. Kafin Talata za a ƙwanƙwasa ƙofar matar nan mai mijin da ba shi da lafiya, da kwanon abinci a hannu.

Addu'a ta fi wannan wuya, ko da yake ba a ganin wuyarta. Da wane suna za a buɗe? Tun 1933, lokacin da aka fitar da wata sanarwa ta masu ra'ayin cewa ɗan Adam shi ne abin dogaron kansa, wadda da yawa cikin masu sa mata hannu 'yan Yunitariyan ne, ɗakin ya rabu. Akwai wanda in bai ji an ambaci Allah ba gani yake bai yi ibada ba, akwai wanda ambaton yake tuna masa da cocin da ya gudo daga gare shi. Malalacin limami yakan kuɓuta ta hanyar tsame duk kalmar da ke da nauyi, ya bar miya ba gishiri, ba wanda ya ɓata rai, ba kuma wanda ya ƙoshi. A ganina wannan ita ce babbar cutar irin wannan coci, kuma su ma suna kuka da ita. Gwana ba ta bin nan. Takan jera sunaye biyu ko uku a farkon addu'a, na masu imani da na masu shakka, ta ba kowa ƙofar shiga, daga nan ta tafi kai tsaye ga abin da ba mai gardama a kai: ga mu nan, mun cuci wasu, wasu sun cuce mu, mun gaji da ɗaukar kayan. In kuma Allah take nufi, takan ce Allah, ta bar wa mai sauraro aikin fassara wa kansa.

Bayan addu'a sai shiru. Takan bugi wani kwanon tagulla da 'yar sanda, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace, ɗaki ya yi tsit. Wanda bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba bai san tsawon minti ɗaya ba. Sabon hannu daƙiƙa ashirin yake yi ya firgita ya katse, alhali a lokacin ne mutane suka fara sauke numfashi. Ita agogo take kallo ta wutsiyar ido, ko ta ƙirga numfashinta, ta cika minti biyun da ta rubuta. Kafin a shiga ma takan ce kukan jariri da tarin dattijo duk cikin shirun suke, don kada uwar goyo ta tashi ta fita da kunya.

Karatu daga ko'ina ake ɗauko shi: Zabura, littattafan Buddha, rubutun masana kimiyya, waƙoƙin marubutan zamani. Nan jigon al'adu yake shigowa, nan kuma ake yawan tuntuɓe, domin zanen aro ba ya rufe katara. An sha sukarsu, daga ciki da waje, da ɗauko bikin wasu mutane su yi ado da shi ba su san nauyinsa ba. Misalin da zai fi taɓa mu shi ne Jalaluddin Rumi. Amurkawa suna ƙaunarsa, amma fassarar da ta fi yaɗuwa a hannunsu ta Coleman Barks ce, wanda bai iya Farisanci ba, kuma an zarge ta da tace Alƙur'ani da Annabi daga cikin baitocin. Raggo yakan kwafo layi huɗu daga intanet ya karanta kamar maganar wani boka marar gari. Mai ƙwazo takan nemi fassara ta biyu ta gwada, ta tambayi Musulmin da ta sani, sannan kafin ta karanta ta gaya wa jama'a cewa wannan malamin fiƙihu ne, Musulmi mai salla, wanda ya rasu a Konya a 1273. Jimla ɗaya ce, daƙiƙa goma, amma ita ce ta raba baƙo mai sallama da mai tsallako katanga.

Wa'azin kansa yana da kakanni biyu da kowane ɗalibin limanci a cikinsu ya sani. Na farko Ralph Waldo Emerson, wanda ya taɓa zama limaminsu. A 1838 ya yi wa ɗaliban tauhidi na Harvard jawabi, ya ba su labarin wani mai wa'azi da ya saurara ana zubar dusar ƙanƙara a waje, ya ga dusar ta fi mutumin rai, don babu abin da ke nuna abin da yake faɗa ya taɓa ratsa rayuwarsa. Jawabin ya ɓata wa manya rai, aka shafe kusan shekara talatin ba a sake gayyatarsa ba. Na biyu Theodore Parker na Boston, wanda bayan dokar kamo bayin da suka tsere ta 1850 ya ɓoye wata baiwa da ta tsere, Ellen Craft, a gidansa, yana rubuta wa'azi da bindiga a teburinsa. Daga na farko aka gaji cewa dole limamiya ta sa kanta a ciki: in za ta yi magana kan yafiya, sai ta faɗi wanda ita ta kasa yafe wa, amma gwargwado, kada mumbari ya koma wurin kai kuka. Daga na biyu aka gaji cewa dole maganar ta fita titi. Ba su manta da James Reeb ba, limaminsu da ya amsa kiran King ya tafi garin Selma a Maris 1965, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa.

Saboda haka wa'azi kan yafiya yakan taso daga ɗakin kwana ya bi ta gidan yari: me al'umma take yi da wanda ya gama zaman hukuncinsa ya fito, wa zai ba shi aiki, wa zai ba shi hayar ɗaki? Tana da abin da suke kira 'yancin mumbari, ba mai duba rubutunta kafin ta karanta. Jama'a kuma suna da 'yancin benci, ba wanda aka wajabta wa yarda. Sai dai su ne suka zaɓe ta da ƙuri'a, su ke biyanta, su ke iya sallamarta. Ga kuma dokar haraji ta 1954 da ta hana ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji tallata ɗan takara. A cikin wannan ƙunci take rubutu. Takan rubuta kalma dubu biyu da 'yan kai, ta tashi tsaye ta karanta da ƙarfi a ɗakin da ba kowa, duk jimlar da numfashi bai kai ƙarshenta ba ta raba ta biyu. Baikon ranar ma ba a barinsa a sake: ikilisiyoyi da yawa sukan ba da rabinsa ko dukansa ga wata ƙungiya ta waje, sai a zaɓi wadda ke taimakon tsofaffin fursunoni, hannu ya ƙarasa abin da kunne ya ji.

Bukukuwan nan biyu da na ambata sun cancanci a dawo kansu, don a nan ake ganin yadda ake ƙera al'ada da hannu. Na furanni Norbert Čapek ne ya ƙago shi a Firag a 1923. Yawancin jama'arsa sun baro cocin Katolika, ba sa son gurasa da ruwan inabi, amma ya lura taro ba ya rayuwa da lacca kaɗai. Sai ya ce kowa ya zo da fure ɗaya, a zuba a tulu guda, in za a tashi kowa ya ɗauki wanda ba shi ya kawo ba. Matarsa Maja ce ta kai bikin Amurka a 1940. Shi kuwa 'yan Nazi suka kama shi, suka tsare shi a Dachau, suka kashe shi a 1942. Mai shirya bikin yau takan tanadi bokitin furanni a bakin ƙofa saboda baƙo da wanda ya manta, don kada a sami mai tafiya gaba hannu rabbana.

Na ruwa ya fi ƙuruciya. Carolyn McDade da Lucile Longview ne suka tsara shi a 1980 domin wani taron mata a Mishigan. Kowa ya kawo ɗan ruwa daga inda ya yi hutu, a zuba a kwano ɗaya. Da shekaru suka tafi sai aibinsa ya fito: wannan ya ce nasa daga tekun Italiya, wancan daga Hawai, wanda bai da kuɗin tafiya ya sunkuyar da kai. Ba a yar da bikin ba, gyara shi aka yi. Aka ajiye buta a gefe domin kowa, aka daina tambayar daga ina ruwan ya fito, aka koma tambayar me yake nufi a wurinka, har ruwan famfon kicin ya sami daraja. Bayan an tashi, a wurare da yawa akan tafasa ruwan a adana, da shi ake sa wa jarirai albarka a cikin shekarar.

Abu na ƙarshe da ido ba ya kamawa shi ne haɗin ɗinkin. Wanda bai ƙware ba yakan ce yanzu za mu yi waƙa lamba kaza, yanzu kuma za mu yi karatu, kamar mai kiran suna a aji. Ita kalmar ƙarshe ta karatu ita ke buɗe wa waƙa ƙofa, mai fiyano ya shigo kafin a ji rata, har mutum ya ɗaga kai ya ga sa'a ta cika bai san inda aka yi haɗin ba. Sai a kashe wutar ƙoƙon, a sa albarka da jimla biyu, ta riga kowa isa bakin ƙofa ta tsaya gaisawa. A nan wani zai ce mata yau ambaton Allah ya yi yawa, na bayansa ya ce ya yi kaɗan, ta yi wa kowannensu godiya, a wuce ɗakin shan gahawa inda ake ƙarasa gardamar.

Ranar Litinin takan huta. Talata da safe ta zauna da mai fiyano da ɗan kwamitin da ya taya ta, a bi takardar layi-layi: ina aka zarce, wace waƙa ce ta mutu a baki, wa ya fita yana share hawaye ba a bi bayansa ba. A kankare kakin da ya daskare a ƙoƙo, a sa sabon kyandir. Lahadi saura kwana biyar.